Jan Layi a Takardar Lissafi

Da safiyar Litinin shugabar makaranta ta shigo maɗaba'ar ranta a ɓace, ta dire wayarta a kan tebur. Hoton tambayoyin jarrabawar lissafi ne, waɗanda aka buga a nan aka liƙe a ambulan, ga shi yana yawo a hannun ɗalibai saura kwana uku a zauna. Ta ce ko a fito da wanda ya yi kafin a tashi aiki, ko ta dawo da 'yan sanda.

Mai maɗaba'ar ya kira yayarsa, malamar da ta yi shekara talatin tana kama masu satar amsa kafin ta yi ritaya.

Yaya ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambayi hannu nawa aikin ya bi. Uku ne: mai liƙe ambulan, dattijo mai tuƙa inji, da mai kwamfuta da ake kira Gwani, wanda ƙanen nata ke shirin ɗauka abokin kasuwanci saboda tarin takardun shaidarsa.

Mai liƙe ambulan ta rantse ko juya takardun ba ta yi ba. Dattijo ya ajiye tsohuwar wayarsa marar kyamara, ya ce a caje shi a caje gidansa, amma ba zai ɗora wa kowa abin da bai gani ba. Gwani kuwa tun kafin a tambaye shi ya ce ai dattijo na kwasar takardun da suka lalace, a bincika can.

Yaya ta yi murmushi, ta yabi kwamfutar Gwani, ta ce ko wani ya lallaɓa ya buɗe ta da ya fita cin abinci?

"Haba, Yaya, ba mai iyawa," in ji Gwani. "Ni kaɗai na san lambar sirrin. Ko maigida bai sani ba."

"Ka tabbata?"

"Sarai."

Ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ta juya musu wayar. Ƙarƙashin sunan makarantar akwai ɗan jan layi mai lanƙwasa.

"Wannan layin kwamfuta ke ja idan ba ta gane kalma ba," in ji ta. "A fuskarta kawai yake fitowa, inji ba ya buga shi. Ba takarda aka ɗauka hoto ba, kwamfuta ce. Kuma yanzu ka gaya mana wa ke buɗe ta."

Gwani ya fara kame-kame, can ya amsa cewa shi ya ɗauki hoton ya sayar wa wani mai koyar da ɗalibai a gida. Da aka tuntuɓi inda ya baro, ashe irin wannan ce ta kore shi. Ƙanen ya sunkuyar da kai, don takardu ya duba ranar da ya ɗauke shi, bai tambayi kowa halinsa ba.

Shugabar ta kawo sabbin tambayoyi. Yaya ta shigar da su da kanta, dattijo ya buga, aka yi jarrabawa a ranarta, makarantar ta ci gaba da ba maɗaba'ar aikinta.

Da wata ya ƙare, ƙanen ya kira dattijo ofis, ya miƙa masa yarjejeniyar haɗin gwiwa. Dattijo ya goge baƙin tawada a rigar aikinsa, ya karɓi biro.