Fitilar Dama

Ranar Talata da hantsi aka kawo rahoto: tasi ta banke wani tela a bakin kasuwa, ƙafarsa ta karye gida biyu. Sufeto ya same shi a asibiti, matarsa na yi masa fifita da kwali.

"Ranka ya daɗe, da ƙafar nan yake taka keken ɗinki," in ji ta. "Likita ya ce sai an yi aiki. Wai inshorar motar ce za ta biya, ko?"

"In takardar na da kyau, za ta biya."

Washegari direban, wanda 'yan tasha ke kira Ba-Birki, ya miƙo takardar inshorar dole, mai biyan wanda aka buge, tun ba a tambaye shi ba. Sufeto kuwa ba ya son mai saurin miƙa takarda.

"Yaushe ka yanke ta?"

"Wata guda ke nan, yallaɓai."

Sufeto ya zagaya motar. Fitilar hagu ta dushe don tsufa, ta dama sabuwa fil. A garejin da direban ke kai gyara, bakanike bai ɓoye ba: "Jiya da yamma na ɗaura ta. Tsohuwar ta tarwatse a hatsarin."

Ofishin inshorar ɗaki ɗaya ne, ba taga, fanka ta mutu. Ƙa'idarsu, ana ɗaukar hoton mota ranar da aka yi mata inshora. Wakilin kamfanin, wani dattijo mai tabarau, ya buɗe fayil. Ga hoton, ga sabuwar fitila tana ƙyalli.

Sufeto ya ƙura wa hoton ido. Wallahi ya so a ce bai gani ba.

"Baba, fitilar da aka ɗaura jiya, me take yi a hoton watan jiya?"

Dattijon ya cire tabarau, ya goge, ya sake gogewa.

"Direban ɗan ƙanwata ne. Inshorarsa ta ƙare tun bara, ya zo min bayan hatsarin yana kuka, na ɗauki hoton motar, na yanka masa sabuwa, na mayar da kwanan wata baya. Yallaɓai, ka kau da kai mana! In ka rubuta, kamfani zai zare hannunsa. Wa zai biya wa telan? Yaron nan ko motar ba tasa ba ce."

Sufeto ya daɗe riƙe da biro, gumi na bin wuyansa. Kofur ɗin da ya rako shi na tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Gobe ma masu binciken kamfani za su ga hoton nan. Ba ta inda zai ɓulle. Ya rubuta, ransa a ɓace, kofur ya tasa dattijon gaba zuwa mota.

A asibiti matar telan ta miƙe da fara'arta.

"Takardar na da kyau ko, ranka ya daɗe?"

"Mun kama masu laifi," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ta dube shi, ta dubi mijinta.

"To, ƙafar fa?"