Kwaɗayin Wening

"Wannan ma ganye ne?"

Ibu Sumirah ta ture farantin da yatsa ɗaya kamar ta ga ƙwaro a ciki. Wening ta dubi mahaifiyarta, ta dubi mijinta Damar da ke tsaye da cokali a hannu, ta ji cikinta na wata bakwai ya ƙara nauyi.

Tun da Ibu, wato Mama a yarensu, ta sauka Japan don zaman haihuwar take cika tana batsewa. A filin jirgi aka karɓe naman da ta dafo da madarar kwakwa tun daga ƙauyensu na tsibirin Java, wai ba a shigowa da nama. Ta iso gida tana sa ran suruki zai huce mata takaici da kaza, sai ga kabeji da tsiron wake an malala musu miyar gyaɗa. Washegari awara. Yau kuma tempe, curin waken suyar nan da Damar ke haɗawa da kansa, an soya da barkono da sukari.

Ba rowa ba ce, kuma Wening ta faɗa har bakinta ya gaji. Damar ya yi aiki a masana'antar yanka kaji farkon zuwansa, tun daga nan ko ƙaurin nama ya ji sai amai. Ita kuwa da ta aure shi ta bar nama saboda shi, ba tare da ya nema ba.

"Ƙato da kai, kaza ta kore ka daga nama?" Ibu ta watsa masa harara. "To ka ci ciyawarka. 'Yata ba akuya ba ce."

"Ibu, likita ya ce lafiyarta ƙalau..."

"Likita ne ya haife ta?"

Damar ya sunkuyar da kai. Wannan ladabin nasa ma haushi yake ba Ibu, ta ce munafunci ne. Ta juyo kan Wening.

"Faɗa masa abin da kika faɗa mini jiya."

Wening ta kawar da kai. Jiya Ibu na shafa mata mai a ƙafa, daɗin hira ya ɗebe ta, ta ce wata biyu ke nan tana mafarkin tsiren akuya irin na bakin kasuwarsu, har ta farka tana haɗiyar miyau. A matsayin sirri ta faɗa, ashe makami ta miƙa.

Ibu ta zazzage komai da kanta. Ta ƙara da cewa kowa ya sani, mai cikin da aka hana abin da take kwaɗayi, ɗanta da dalalar miyau yake tashi. Jibi za ta koma gida, kuma ko Wening ta bi ta ta haihu inda ake cin abincin mutane, ko ta nemi wata uwar.

"Gaskiya ne, ƙanwata?" Damar ya tambaya a hankali, da sunan da yake kiranta tun suna saurayi da budurwa. "Wata biyu... ina zuba miki ganye kina ce mini ya yi daɗi?"

"Ya yi daɗin mana, masoyina. Ban so in..."

Bai tsaya ji ba. Ya ɗauki rigarsa ya fita.

"Kin gani? Da magana ta zo sai gudu," in ji Ibu, ta jawo akwati ta fara ninke kayan jaririn da ta zo da su.

Wening ba ta taɓa jin haushin mahaifiyarta kamar ranar ba. Ta ce mata ba za ta je ko'ina ba. Ibu ta ce to ta yafe ta ga waken suya. Suka wuni a ɗaki ɗaya kowa na kallon bango, wayar Damar kuma a kashe.

Bayan la'asar ƙauri ya shigo ta taga.

Wening ta leƙa tsakar gida. Damar ne durƙushe gaban ɗan murhun gawayi, ya naɗe hanci da tawul. Ashe jirgin ƙasa ya hau har birni, shagon da ke sayar da yankan Musulmi. Da hannunsa ya yanka naman ya soke a tsinke. Yana fifita wuta, ya juya baya ya yi kakarin amai, ya share ido, ya dawo ya juya tsiren.

Kuka ya ƙwace mata. Ta yunƙura za ta fita, Ibu ta riga ta.

Tsohuwar ta je ta tsaya a kansa. Sannan ta fizge maficin.

"Matsa, kada ka yi mini amai a abincin jikana. Dubi yanka, kamar da gatari."

Damar ya ja gefe ya jingina da bango, fuskarsa jiƙe da gumi. Ibu ta zare tsinke ɗaya ta hura, ta miƙa wa Wening ba tare da ta kalle ta ba.

"Ci. Kai kuma tashi ka wanke fuska, ka mayar mini da akwatina ɗaki. Idan na tafi, kashe kanku za ku yi da kunyar juna."