Gurbin Ɗan Fari

Ana kiran magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Safiyanu a unguwar Hausari. Shekarar dokar hana fita ce, babu yaron da zai tsaya jifa a lungu. Na biyu ya fasa tulu. Sai 'yarsa Munawwara ta ajiye rariyar tankaɗe, ta miƙe, ta kafe kwamfutar ubanta da ido.

Wata ƙungiya mai haɗa iyalan da gudun hijira ya tarwatsa ce ta ba Safiyanu aikin manhajar sabar, wato babbar kwamfutar da ke tara bayanansu. Kowace uwa ta faɗi mutanenta, sabar ta gina gidan yadda aka faɗa, wani da jikoki, wani da kaka kaɗai. Masu karɓar bayanan kuwa suka ce JSON, wato jerin bayanai, shimfiɗaɗɗe suke so, babu ɗaki cikin ɗaki. Sai gogan naka ya rubuta cewa duk gurbin da babu suna a zubar da shi. Har yabon kansa ya yi, wai aiki ya fita tsaf.

Kwana da kwanaki ana jifa, yarinya ba ci ba magana, shi kuma sai huci da zagin maƙwabta. Mahaifiyarsa, Inna, ce ta gaji ta aika aka kira Malam Muhammadu Lawan.

Malam bai yi nisa da karatu ba muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar, a fusace.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Tare da Hajaratu na baro rugarmu da aka ƙona. Yaronta ya ɓace a hanyar Mamudo. Ta zauna gaban masu rubutu, ta faɗi tabon goshinsa, ta faɗi rigarsa. Aka ce sunansa, ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne! Wannan azzalumin ya share shi. Yaro na sansani, uwa na bin asibitoci!"

"Ban share kowa ba!" Safiyanu ya daka tsawa. "Gurbi ne, babu komai a ciki!"

"Babu komai? To gurbin taka 'yar zan bar maka haka."

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "Yarinya ba ta yi miki laifi ba. Me kike so?"

"Ya mayar da shi, in fita."

Safiyanu ya goge layin da ke zubar da gurabe, ya sake tura bayanan. Gurabe marasa suna suka dinga fitowa, wannan da tabo, wannan da wushirya, ba na Hajaratu kaɗai ba. Munawwara ta yi atishawa, ta sulale jikin kakarta.

Kunya ta kama shi, sai ya mayar da ita faɗa. "Amma fisabilillahi, mace ta kasa faɗin sunan ɗanta?"

Inna ba ta ɗago ba, tana shafa kan jikarta.

"Kai da na fara haifa, ka taɓa jin sunanka a bakina? Da ni aka tambaya, da gurbinka ne ka zubar."