Kashe-Karofi

Zuliha na tankaɗe a tsakar gida ta ji muryar mahaifinta, Sallau marini, ta cika zaure.

"Na faɗa na ƙara! Wanda ya kasa riƙe muciyar rini ba zai riƙe mini 'ya ba!"

Da Mutari yake, ɗan marigayi wansa, wanda aka yi wa alkawarin Zuliha tun suna wasan ƙasa. Bara aka damƙa masa karofin ubansa, wato ramin rini, ya zuba ganyen baba da toka, ya yi ta motsi, ruwan ya ƙi tashi, ya mutu yana wari. Marinan Damagaram kuwa, da ma bakinsu ya fi hannunsu baƙi, suka laƙaba masa Kashe-Karofi. Tun ranar bai sake taka marina ba, ko kasuwa za shi sai ya zagaya ta gindin ganuwa.

Mutari ya shigo gaida kakarsu Inno, ido jajur. Ya tsaya kusa da Zuliha, ya kasa kallonta.

"Ayarin Kukawa zai tashi bayan Juma'a. Zan bi su ɗaukar kaya."

Rariya ta suɓuce mata. "Yaya Mutari — ni kuma fa?"

"Hannuna ne ba shi da kyau, Zuliha. Haka aka halicce ni. In na sake taɓawa ya sake mutuwa, wallahi ban san inda zan sa kaina ba!"

Kuka ya ƙwace mata, mai cin rai, don ta san in ya bi ayarin nan ba za ta ƙara ganinsa ba. Amma 'yar marini ce, kuma taurin kan ubanta ta ɗauko kaf. Ta share fuska da bakin zane, ta ce ya biyo ta bayan rumbu. Can ga wasu dunƙule-dunƙule a jere, sun bushe ƙayau.

"Lakar ƙasan karofinka ce. Da ka gudu, Inno ta sa aka kwashe, muka dunƙula muka shanya. In an ƙona ta ita ce katsi, da shi ake tada sabon ruwa. Ruwan da ka kashe ma bai tashi a banza ba, kai ne za ka tashi a banza?"

Inno ta leƙo ta ce, "Ga tsohuwar randata can. In ta yi wari, hancina ne, ba na marina ba."

Ya ƙona katsi, ya haɗa ruwa a randar. Safe da yamma yana motsi, Zuliha na leƙe tana addu'a. Ranar Alhamis suka buɗe. Ba kumfa, ba ƙyalli, sai wani ruwa tsamo-tsamo. Ya sake mutuwa!

Mutari ya zube a ƙasa, ya riƙe kai. "Kin gani? Kin gani ko? Bari in zubar kafin Baffa ya ji."

Ta tare bakin randar da jikinta. "Ba za ka zubar ba! Ɗiba za ka yi a ƙwarya ka kai masa."

"A gaban marina? Kashe ni kike so ki yi?"

"Ka san abin da ya kashe shi?"

"Ban sani ba."

"To shi ya sani. In ka tafi ba ka tambaya ba, ni ka zubar, ba ruwan nan ba."

Bai taɓa tafiya mai nisan wannan ba, alhali marina na bayan gida. Tun daga nesa aka fara: "Kashe-Karofi ya kawo gawa!" Dariya ta ɓarke. Zuliha na laɓe a bakin katanga tana kallonsa. Ya durƙusa gaban Sallau.

"Baffa, na sake kashewa. A ina na ɓata?"

Sallau ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Toka ka cika. Bara kuwa ƙaranta ta ka yi." Ya ajiye ƙwaryar. "Ɗan banza, shekara guda ina jiran tambayar nan! Ka ɗauka don ruwa ya mutu na hana ka Zuliha? Wa ke nan wurin da ruwa bai taɓa mutu masa ba?"

Masu dariya kowa ya sunkuya kan raminsa, aiki ya yi musu yawa nan take.

Ayari ya tashi ba Mutari. Ya ƙara kashe wani ruwan, ya kwashe lakar ya yi katsi, ya ƙara tambaya. Sai bayan kaka wata safiya kumfa ta taso masa, shuɗiya mai ƙyallin ja, ya ruga gida ba hula yana kiran sunan Zuliha.

Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba. Ku masu koyo, ku riƙe wannan: ba a haihuwar hannu da iyawa, kuma kuskuren da aka ɓoye shi ne yake ruɓewa, wanda aka kai gaban masani shi yake zama ilimi.

Ranar kai amarya, Zuliha ta ƙi duk zannuwan da ke cikin lefe, ta yafa turkuɗin da ya rina. Shunin ya zuba mata a wuya da kafaɗa, mata suka kawo ruwa za su goge, ta ce kada wadda ta taɓa.