Iro Ba Fit Ba

Kubura tana tankaɗe a tsakar gida sai ga mahaifinta, Malam Gwadabe, ya shigo fuska a murtuke. Daga kasuwar Rogo yake, inda ya kwaso labari: wai Iro na ƙauyen Fulatan, mai neman aurenta, ya je Karaye shiga soja saboda yaƙin Hitila, likitan Turawa ya duba shi ya ce ba fit ba ne.

"Maganar aure ta mutu!" in ji shi. "Wanda Bature ya ce ba fit ba, shi zan ba 'yata?"

"Baba, mene ne fit ɗin?"

"Oho! Wani ciwo ne dai a ɓoye."

Shi ke nan fa, kalmar da ba wanda ya san kanta a ƙauyensu Beli ta zama cuta. Wasu suka ce kuturta ce, wasu farfaɗiya, kowa ya zama likita a bakin rijiya. Kubura ta sha kuka har ta rame, don tana son Iro ƙwarai, amma ba ta ɗaga wa ubanta murya ba. Sai ta tafi wurin kawunta Sulle, tsohon soja, ta durƙusa ta tambaye shi.

Sulle ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke 'yar nan! Fit ai dacewa ce da aikin da ake so. Doki fit ne a sukuwa, ɗora masa buhun gyaɗa ki ga ikon Allah. Ɗan yatsan Iro da lauje ya sandarar tun yana yaro, shi ne ba ya jan kunamar bindiga — iyakarta ke nan!"

Ya je ya bayyana wa Malam Gwadabe haka, amma tsohon ya kafe. "Ku riƙe Turancinku, ni ido na sani. Yaron ya zo ya nome mini gona, ban da gayya, ban da makaɗi. Shi kaɗai!"

Ai kuwa Iro ya zo. Aikin da samari kan taru su yi wa suruki da kiɗa, ya duƙa masa shi ɗaya, kwana da kwanaki, har tafin hannunsa ya fashe. Kubura takan aika masa da fura, ta koma ɗaki tana addu'a.

Ranar da Iro ya kai kunyar ƙarshe ta gonar, Malam Gwadabe ya taso daga gindin ɗorawa, ya kama hannun Iro ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ɗan yatsan ne duka?"

"Shi ne, Baba."

Kunya ta kama tsohon. Ya karɓi fartanyar ya saɓa a kafaɗarsa, ya ce, "Na zalunce ka, ɗana. Turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Haƙurin Kubura ya biya ta, mahaifinta kuwa bai sake yanke wa mutum hukunci da maganar da bai san ma'anarta ba.