Miyar Lami a Gidan Mahauta

"Mayya! Dubi wuyan ɗana kamar na zakara!"

Inna ta yi jifa da kwanon, miyar zogale ta fantsama a zanen Nagode.

"Inna, ki yi haƙuri. Likitan masu aikin dam na Bakolori ya ce jijiyoyin jininshi sun ƙandare, kitse ya cushe su. Babu tozo, babu gishiri, babu taba..."

"Rufe min baki! Mu da munka gaji fawa a Mafara, wa ya taɓa mutuwa don kitse? Gari duk an ɗauka, wai matar Jibrin ta ƙona mijinta da yunwa!"

Gaskiya dai a layin mahauta tumbin miji shi ne mutuncin mata. Nagode kuwa wata huɗu tana rage nashi da gangan, tana kora shi tattaki kowace safiya, don tana son shi kamar ranta.

Ta dubi Jibrin.

"Masoyina, faɗa mata mana. Ba ka daina haki ba?"

Gogan naku ya sunkuyar da kai, maiƙon tozon da Inna ke ba shi a ɓoye yana ƙyalli a gemunshi.

"Tahi gida tukuna, Nagode..."

Ko hawaye ba ta yi ba, tsabar baƙin ciki. Ta hau motar Maradun, garin iyayenta.

Sati bakwai shiru. Ran nan tana tankaɗe sai ta ji sallama, kuma wallahi ba Jibrin ba ne ya zo biko. Inna ce da kanta, ta faɗa kamar kara.

"Ɗiyata..."

"Yau ni ce ɗiya? Ba mayya ba?"

"Jibrin ya faɗi gaban tukuba yana gasa tsire. Hannun dama ya ƙi ɗaguwa, baki ya karkace. Abinci daga hannuna ya ƙi shi, sunanki kawai yake kira."

Rariya ta suɓuce wa Nagode. Haushi da so suka turnuƙe ta.

"In na koma, tukunya tawa ce. Ko ɗigon man shanu ya shiga ɗakinshi, na bar ku har abada!"

"Na ji."

Ta iske shi kwance, ido ya zurma.

"Na...gode..."

"Yi min shiru, matsoraci!" Ta tallabo kanshi tana kuka. "Gobe da sassafe za ka tashi ka taka, ko da jan ƙafa ne. Ban shirya takaba ba."