Bindigar da Kyari Ya Makara Gyarawa

Shekara da shekaru Bahauddeen yana roƙon mahaifinsa, Malam Kyari, ya gyara tsohuwar bindigar harbin zabi da kakansa ya bari, su riƙa zuwa gona tare. Kullum amsar ɗaya ce: sai an samu lokaci. Lokacin bai samu ba sai bayan an kai saurayin makwancinsa. Haka ɗan Adam yake.

Yanzu kullum Kyari na zaurensa a Fagge, yana kankare tsatsa da kananzir. Ya shafe ƙotar da mai, ya sayo sabon sifirin wajen Ifeanyi mai sayar da kayan gyara a Sabon Gari, amma ƙarfen da ake ja a ɗura harsashi ya ƙi motsi.

Ran nan bayan isha'i, an ɗauke wuta, wani ya yi sallama. Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Baƙon ya shigo ya tsuguna nesa da fitila, zauren ya cika da ƙanshin kafur da ɗanyar ƙasa.

"Baba, ba ƙarfi take so ba. Kawo ka gani."

Kyari ya miƙa. Baƙon ya karɓa da hagu, ya ɗaga ƙarfen, ya ja. Ƙwas, ya buɗe.

"Kai! Wane uban ne ya yi maka tarbiyya? Da hagu ake karɓar abu a hannun babba?"

Maganar na fita daga bakinsa sai ya tuna. Mutum ɗaya ya saba yi wa wannan faɗan.

Baƙon ya sunkuyar da kai, ya mayar da bindigar hannun dama.

"Yi haƙuri, Baba. Har yanzu ina mantawa."